Mutum Nawa Kwale-kwale Ke Ɗauka?

    Gaisuwa ta musamman ga matan Kalmalo da na Illela, da na ƙetaren iyaka a Birnin Ƙwanni, domin zancenmu na yau a ƙofar gidansu yake.

Yau maganar jirgin ruwa za mu yi, wato kwale-kwale, da yawan mutane da nauyin kayan da ya kamata a ɗora masa. Na san wata za ta ce, "To ni da nake cikin kulle, ko zaure ban cika leƙawa ba, ina ruwana da jirgi?" Uwargida, da ruwanki, har da tsaki. Ke ce mai aiken yara itace. Ke ce mai ɗora wa yarinya talla ranar kasuwa. Ke ce mai ba yaro kuɗin yawon Sallah, ya tafi bakin tafki a zaga da shi a cikin jirgi. Sannan ki duba ranakun da ke kanki kike fita: biki, suna, Maulidi, gaisuwar rasuwa. Duk ranakun taro ne, kuma ranar taro ce ake cika jirgi fiye da ƙima. Kin ga ke nan, fitarki kaɗan ce, amma tana faɗawa a kan ranakun da suka fi haɗari.

Ku mutanen Kalmalo kun san halin tafkinku. Ruwansa daga kwarin Majiya na ƙasar Nijar yake gangarowa, ya bi ta wajen Ƙwanni ya ƙetaro iyaka. Farin da aka sha a shekarun baya, da madatsun ruwan da aka gina a can sama don noman rani, sun sa tafkin ya daina zama yadda kakanni suka san shi. Wata shekara ya kawo, wata shekara ya ja da baya. Irin wannan ruwa mai zuwa yana komawa yana da nasa sharri. Jirgin katako in ya daɗe a kan tudu rana tana dukansa, katakon yakan tsuke, mahaɗansa su buɗe, ranar da aka mayar da shi ruwa sai ya yi ta yoyo. Yara kuma sun tashi ba su saba da ruwa mai zurfi ba. Ban da tafki, ai muna da dangi da surukai a Goronyo, da Wurno, da Gada, da sauran garuruwan bakin gulbin Rima, inda da damina ba ka kai wa wasu ƙauyuka sai ta jirgi.

Abin ya sha faruwa a kusa da mu. A watan Afrilu na 2022, ana cikin azumi, yara da matasa na ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari suka shiga jirgi su 35 za su ƙetare su yo itace. Jirgi ya kife, 29 suka rasu. Shekara ta zagayo, a watan Mayu na 2023, yara 15 na ƙauyen Dandeji, nan dai ƙasar Shagari, galibinsu 'yan mata, su ma neman itace ya fitar da su, ba su dawo ba. A watan Agusta na 2025, jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Itacen da za a hura wutar tuwo, 'yan'uwa, shi ya fitar da waɗancan yara daga gida. Shi ya sa na ce wannan zance na cikin gida ne.

To, bari mu faro daga tushe. Me ke sa jirgi ya tsaya a saman ruwa? Ba sai kin je bakin gulbi ba, za ki iya gani a tsakar gidanki. Ki cika baho da ruwa, ki ɗora ƙwarya a kai. Za ki ga gindinta kaɗai ya shiga ruwa. Ki riƙa zuba tsakuwa a ciki da kaɗan-kaɗan. Duk zubi ɗaya, ƙwarya sai ta ƙara nitsewa, ruwan bahon kuma sai ya ƙara tasowa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwarya tana ture ruwa daidai nauyin da aka ɗora mata, ruwan da ta ture kuma shi ke tallafe da ita. Ki ci gaba da zubawa har ya rage saura kamar faɗin yatsa ɗaya tsakanin ruwa da bakin ƙwarya. Har yanzu tana sama, ko? Madalla. To ki ɗan kaɗa ruwan bahon da hannunki. Kafin ki ce kwabo ruwa ya hau bakinta, ta cika, ta tafi ƙasa. Jirgi ma haka yake, girma kawai ya fi ƙwarya.

Akwai lissafi mai sauƙi a ciki. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, shi ya sa jarkar lita 25 in ta cika take da nauyin kilo 25, ban da nauyin jarkar kanta. Mu ɗauki jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa mita 6, faɗinsa wajen mita ɗaya, goshi da bayansa sun ɗan tsuke. Irin wannan jirgi, duk kilo 50 da aka ɗora masa zai ƙara nitsewa da kimanin santimita ɗaya. Wato buhun taki ɗaya, santimita ɗaya. Buhu 20 sun cinye santimita 20, kusan taƙi guda ke nan na bakin jirgin. Ido ba ya ganin santimita ɗaya, shi ya sa kowa in zai shiga sai ya ce, "Haba, ni kaɗai ai ba zan ƙara komai ba." Gaskiya ne nasa kaɗan ne. Amma mutum 15 da suka riga shi, kowannensu haka ya faɗa.

Wannan gefe na jirgi da ke raguwa a saman ruwa, mu kira shi rarar jirgi. Shi ne ran jirgin gaba ɗaya. Mai kallo daga tudu yakan ɗauka wuri ne da ya yi saura, a cike shi. A'a. An bar shi ne domin igiyar ruwa, domin iskar hadari in ta taso a tsakiyar tafiya, domin ranar da jirgi zai daki kututture, domin lokacin da mutum biyu za su karkata gefe ɗaya. Kamar yadda ba ki cika tukunyar kunu fal, kina barin wuri don tafasa. In aka cinye rara a bakin gaɓa, to an shiga tsakiyar ruwa babu abin da za a kare kai da shi.

A wasu ƙasashe ba a bar wannan magana a hannun ganin dama ba. A Amurka, tun shekarar 1972, doka ta tilasta wa masu ƙera ƙananan jiragen shaƙatawa masu inji, waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, su manna wani ɗan allo a inda matuƙi zai riƙa ganinsa. A kan allon akwai yawan mutanen da jirgin zai ɗauka da jimillar nauyinsu. Akwai jimillar nauyin komai da komai, mutane da inji da kaya. Akwai kuma iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura masa. Abin sha'awa shi ne yadda suke fitar da wannan lissafi. Sukan auna nauyin da zai danna jirgin har ruwa ya fara shiga cikinsa, sannan su raba wannan nauyi gida biyar. In jirgin mai injin ratayawa ne a baya, irin wanda muka saba gani, kashi ɗaya tak daga cikin biyar ɗin nan aka yarda a rubuta a kan allo. Kashi huɗu an bar wa ruwa da iska. Mu kuwa a nan, sau da yawa sai an loda huɗu da rabi ake cewa a tashi.

Ki lura da abu ɗaya a kan wannan allo. An rubuta yawan mutane, an kuma rubuta nauyi, kuma duk wanda aka fara kaiwa a cikin biyun, to jirgi ya cika. In allo ya ce mutum 6, amma mutum 4 da kayansu sun kai nauyin da aka rubuta, magana ta ƙare, na biyar sai ya jira. Su ma can da wahala suka koyi wannan darasi. A watan Oktoba na 2005, wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a wani tafki a jihar New York, ɗauke da fasinja 47, galibinsu tsofaffi, 20 suka mutu. Takardar jirgin ta yarda masa ya ɗauki fasinja 48, saboda haka ta fuskar ƙirga kawuna bai karya doka ba. Da aka yi bincike sai aka gano an yi lissafin ne a kan tsohon awo na kimanin kilo 64 ga kowane mutum, alhali mutanen sun fi haka nauyi nesa ba kusa ba. Aka kuma gano an ɗora wa jirgin rumfa mai nauyi daga baya ba a sake auna shi ba. Masu binciken suka ce mutum 14 ne ya dace ya ɗauka. A shekarar 2011 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗaga awon mutum ɗaya a jiragen fasinja zuwa kimanin kilo 84. A ƙasashen Turai kuwa, masu ƙera ƙananan jirage da kilo 75 suke lissafin babban mutum. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, ruwa bai san ƙirga kawuna ba, nauyi ya sani.

Manyan jiragen teku ma suna da tasu alama. A Ingila, wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka saboda yadda masu jirage ke loda kaya don neman riba, ma'aikata suna halaka a teku. A shekarar 1876 aka yi dokar da ta sa a riƙa zana layi a jikin jirgi. In ruwa ya kai wannan layi, lodi ya ƙare. Har gobe jiragen da ke kawo kaya tashar Legas suna ɗauke da wannan zane. Layin fenti ne kawai, amma Allah kaɗai Ya san yawan rayukan da ya zama sanadin tsirarsu.

To mu fa? Muna da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda ake kira NIWA, an kafa ta a 1997, hedkwatarta tana Lokoja. Ƙa'idojinta sun hana lodi fiye da ƙima, sun hana tafiyar dare, sun wajabta sa rigar kariya. Sai dai jami'anta ba za su iya tsayawa a kowane mashigi ba, kuma jiragenmu na katako da ake sassaƙawa a bakin gulbi ba su zuwa da wani allo. Saboda haka allon ya koma idonki da hankalinki, da na wanda kika aika.

Bari mu yi lissafin ranar kai amarya, tunda ita muka fi sani. A ce mata 12 ne za su raka amarya hayi. In muka ɗauki kowace a kan kilo 70, kilo 840 ke nan. Ba mace mai zuwa biki ita kaɗai. A ce da goyo da 'yan biyo baya akwai yara 8, kowane kilo 20, an sami 160. Mun kai kilo 1,000 cif. Ga gara: buhun shinkafa biyu, kilo 100. Babban buhun gero ɗaya, wajen kilo 100. Jarkar mai biyu, kusan kilo 50. Ga gado da katifa da kwanukan jere. Ga ƙanen ango ya ce ba ya barin babur ɗinsa a wannan gaɓa, shi da babur sun kusa kilo 200. Ga mai fito da yaronsa. Kafin ki ankara an haura kilo 1,500, nauyin manya sama da 20. Amma in kika tambayi uwar biki za ta ce miki, "Mu goma sha biyu ne kacal."

Babur da buhu sun sha cin rayuka. Jirgin da ya tsage biyu a kogin Kwara kusa da Warrah ta jihar Kebbi, a watan Mayu na 2021, yana ɗauke ne da mutane sama da 150, ga babura, ga kaya. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A watan Yuni na 2023 kuma, a yankin Patigi ta jihar Kwara, 'yan biki ne suke dawowa cikin dare, mutum sama da 100 suka rasu. Gida ɗaya sai ka tarar an rasa uwa da 'ya'ya da jikoki, domin 'yan biki dangin juna ne.

Akwai wata magana da ke yaudararmu, ita ce, "Ai yara ne." A ƙarshen watan Nuwamba na 2021, ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau suka shiga jirgi za su ƙetare ruwan Bagwai a jihar Kano, za su wajen Maulidi. Jami'an kashe gobara na jihar sun ce jirgin na manya 12 ne, aka zuba masa sama da mutum 40. Aka rasa 29, mafi yawansu yara. Yaro ɗan shekara goma yana kai kilo 30. Yara 40 sun zama kilo 1,200, nauyin manya 17. Bayan nauyi kuma, yaro ba ya zama wuri ɗaya. Wannan ya miƙe, wancan ya leƙa, wata ta ga kifi ta yi ihu kowa ya karkata ya gani. Jirgin yara ya fi na manya bukatar rara.

Wannan ya kawo mu ga inda nauyi yake zaune a cikin jirgi, domin shi ma rabin magana ne. Ki tuna ƙwaryarmu ta ɗazu. In tsakuwar tana ƙasa a tsakiya, ƙwarya tana zaune daram. In kika tara ta gefe ɗaya, sai ta karkace ta sha ruwa tun ba ta cika ba. In kuma kika kafa mata muciya a tsaye, iska kaɗan za ta kifar da ita. Saboda haka kaya masu nauyi a shimfiɗa su a ƙasan jirgi, a tsakiya, a ɗaure. Kada a jibga buhuna sama a ce mata su hau kai su zauna. Mutane su zauna ƙasa-ƙasa, a raba su dama da hagu daidai. Ba tsayuwa, ba canza wuri a tsakiyar ruwa. Dabba kuwa, ko tunkiya ce, nauyi ne mai motsi, in ta firgita ba ta jin magana. In da hali kada ki haɗa jirgi da shanu ko raƙumi.

Sai ruwan da ke taruwa a cikin jirgi. Shi ma fasinja ne, kuma mugun fasinja. Bokiti huɗu na ruwa a ƙasan jirgi sun kai nauyin babban mutum. Mafi muni, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kin taɓa ɗauko ruwa a faffaɗan faranti? Da kin ɗan karkata sai duk ruwan ya ruga gefe ɗaya ya ƙara karkatar da ke. Haka yake yi wa jirgi. In kin ga yaron mai fito yana ta kwarfar ruwa tun jirgi yana gaɓa ba a tashi ba, wannan jirgi ya gaya miki halinsa da bakinsa.

To me ya sa masu fito ke cika jirgi alhali sun fi kowa sanin ruwa? Kada mu ɗora musu laifin duka. Da kai ake biyansu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 sawu ɗaya na jirgin inji ya ƙara tsada. Sannan mu kanmu muna matsa musu. Rana ta yi sanyi, kowa yana son ya isa gida kafin magariba. Wata ta ce surukarta ce, ba ta iya barinta a gaɓa. Wata ta ce a taimaka, ɗiyarta ce, ai ba ta da nauyi. Mai fito ɗan gari ne, yana jin nauyin iyayensa mata, sai ya ce, "To ku matsa mata." Ke ma da kike ciki kin ga jirgi ya yi ƙasa, gabanki yana faɗuwa, amma kunya ta hana ki cewa a sauke ki, kada a ce kin cika tsoro ko kin raina mutane. 'Yar'uwa, kunya ado ce ga mace, ba mai musun wannan. Amma a bakin jirgi, wadda ta buɗe baki ta ce "ni zan jira sawu na biyu" ta yi wa kowa alheri, domin ta rage wa jirgin kilo 70, ta kuma ba wata ƙarfin halin bin ta.

Ga abubuwan da za ki duba kafin ki sa ƙafa, kuma ki koya wa duk wanda kike aike.

Na farko, rara. Ki dubi jirgin daga gaɓa bayan an gama lodi. In mutumin da ke zaune ya dafa bakin jirgi yatsunsa suna taɓa ruwa, kada ki shiga. In kina ciki, ki nemi a sauke ki.

Na biyu, jikin jirgi. Tsohon jirgin katako yakan yi wani duhu ko gansakuka a inda ruwa ya saba tsaya masa. In wannan alama ta ɓace a cikin ruwa, lodin yau ya wuce na kullum, kuma na kullum ɗin ma ba lallai daidai yake ba.

Na uku, ƙasan jirgi. Akwai ruwa kwance? Akwai kwanon kwarfa? An toshe wasu wurare da tsumma?

Na huɗu, ki tambayi mai fito tun kafin a fara shiga, "Malam, mutum nawa yake ɗauka?" Ki riƙe abin da ya faɗa, ki ƙirga da kanki, har da goyo. Duk buhu babba ɗaya ki lissafa shi mutum ɗaya da rabi, babur kuma kusan mutum biyu.

Na biyar, sama da lokaci. In hadari ya haɗo, ko iska ta taso, ko magariba ta kawo jiki, a haƙura. Gara a kwana a gidan dangi a sha ƙorafi da safe.

In kin shiga, ki kwance goyo daga bayanki ki rungume shi a gaba, domin in wani abu ya faru, yaron da ke ɗaure a baya ba ki ganin fuskarsa, ba ki iya ɗaga kansa. Ki tattare hijabi da zani kada su yi miki yawa, saboda tufafi in sun jiƙe suna naɗe ƙafa da hannu. In akwai rigar kariya ki sa ta a kan hijabinki, ki ɗaure igiyoyinta tamau. Babu abin da ta rage miki na sutura. In babu, ki riƙe jarka wadda ba komai a cikinta, mai murfi gam. Jarkar lita 25 ta isa ta riƙe kan babban mutum a saman ruwa, kamar yadda kakanninmu suke ƙetare gulbi da gora. Sai dai ba ta kai riga ba, tunda hannu yana gajiya. In Allah Ya ƙaddara jirgi ya kife, ki gaya wa yaranki su kama jikin jirgin ko wani abu mai yawo a sama, kada su kama juna. Jirgin katako sau da yawa ba ya nitsewa gaba ɗaya in kaya sun zube.

Yanzu me za ki iya yi daga cikin ɗakinki? Da yawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In biki ya taso a hayi, tun ana lissafin goro da kayan gara a sa kuɗin fito sawu biyu ko uku a ciki. Kaya su riga tafiya da safe tare da samari, mata da yara su biyo baya da rana tsaka. Uwar biki ita ke da wannan iko, ba mai ja da ita. In malaman Islamiyya za su kai yara Maulidi ko musabaƙa a ƙetaren ruwa, ki aika a tambaya: jirgi nawa, yara nawa, babba nawa zai raka su? Tambayar uwa ba raini ba ce. In itace ne, ki duba ko kara da kashin shanu za su fitar da ke kwana biyu, har a sami babban da zai je. In kuwa dole sai yara sun ƙetara, kada ki tura 'ya'yanki duka a jirgi ɗaya. Kuɗin yawon Sallah ma ki haɗa shi da sharaɗi: ba shiga jirgi sai da babba, ba shiga wanda ya cika.

Ku masu adashi, zubi ɗaya zai iya saya muku rigunan kariya biyu ko uku, a ajiye a gidan uwar adashi, duk mai tafiya ta ara ta dawo da su, kamar yadda ake aron tukunyar biki. Sannan ki sami maigida a lokacin da ransa yake sanyi, bayan ya ci abinci ya huta, ki kawo masa wannan magana. Ki roƙe shi ya kai ta masallaci, ya kai wa mai unguwa da Sarkin Ruwa. Abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Masu fito da dattawan masunta, waɗanda suka san ruwan, su zauna su auna kowane jirgi, a ja masa layi da fenti a gefe, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi inda kowa zai gani. Gwangwanin fenti ɗaya ya ishi jirage da yawa. In akwai layi, mai fito ya sami abin da zai nuna wa mai matsa masa, ke ma kin sami abin da za ki nuna ba tare da kin yi gardama da kowa ba.

Na san abin da ke zuciyar wasunmu: in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu sun karantar da mu labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Ƙirga mutane da duba rarar jirgi, ɗaure raƙuma ke nan. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu. Ki yi addu'ar shiga abin hawa, ki koya wa yara ita, ki kuma koya musu su dubi bakin jirgi kafin su shiga.

Yau da dare in an gama cin tuwo, ki ɗauko baho da ƙwarya ki tara yaranki, ki bar su su zuba tsakuwar da hannunsu har ƙwarya ta nitse. Abin da yaro ya gani da idonsa ya fi zama a ransa fiye da faɗa. Kishiyarki da maƙwabciyarki da ba su ji wannan bayani ba, ki isar musu, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya sa sun yi shahada. Allah Ya tsare mana zuri'a a tudu da cikin ruwa, Ya ba masu fito halaliyarsu cikin aminci, Ya ba mu damina mai albarka.